Dashen Haƙori: Abin da Mai Giɓi Zai Sani Kafin Ya Kwance Lalita

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na kiwon lafiya. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Affala da ƙauyukan kewaye, da na Barmu, Kalfu, Takanamat, Tebaram da Bambeye, da ku mutanen birnin Tawa. Muna gaida iyayenmu dattawa da ke zaune a inuwa da akwatin rediyo, muna gaida iyayenmu mata da ke tsakar gida, muna kuma gaida ƴan'uwanmu ƴan ci-rani da za a tura wa shirin nan ta waya, ko a Abijan suke, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Legas. Allah ya sa kowa yana lafiya.

Yau zancenmu a kan haƙori ne, haƙorin da ya riga ya fita, da yadda ake cike gurbinsa. Akwai wata hanya da labarinta ya fara iso mu ta bakin matafiya da hotunan da ke yawo a WhatsApp, wato dashen haƙori. Wani ya ji an ce a Turkiyya ana kafa wa mutum haƙoran da ba a cirewa. Wani kuma ɗansa ne ya bugo daga ci-rani ya ce, "Baba, in Allah ya hore mini, bana zan kai ka a sa maka haƙora." Niyya ce mai kyau, Allah ya yi wa irin waɗannan ƴaƴa albarka. Amma kafin kuɗi ya fita, ya kamata a san mene ne dashen nan, wa ya dace da shi, wa bai dace da shi ba, kuma me zai biyo baya idan an dawo gida. Ku gyara zama.

Babban mutum haƙora 32 gare shi in sun cika. Abu biyu ne suka fi raba mu da su. Akwai ruɓewa, wadda muke ce wa kogo ko tsutsa. Akwai kuma ciwon dasashi, wanda ke cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori a hankali, har ya fara girgiɗi ya faɗi da kansa. Bayan su sai hatsari: faɗuwa daga kabu-kabu, harbin jaki, ko naushi a fagen dambe. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce mutum kusan biliyan 3.5 ne ke fama da wata cuta ta baki, kuma a cikin waɗanda suka kai shekara 60, kusan mutum 1 cikin 4 ba shi da haƙori ko guda.

Ba sai mun je nesa ba. Ku lura a wurin suna ko ɗaurin aure idan an kawo nama. Za ka ga dattijo ya ɗauki tsoka, ya juya ta, ya kai ta gefen baki inda turmi guda ya rage masa, ya yi ta mamula, daga ƙarshe ya miƙa wa jikansa sauran yana cewa ya ƙoshi. Alhali kunya ce ta hana shi faɗin gaskiya. Kilishi da cuku da ƙuli-ƙuli ya daɗe da sallama su, goro ma sai an goga masa a magogi, abincinsa ya koma fura da kunu da tuwo mai laushi. Haka za ka ga mace da ƙuruciyarta, an ba da labarin ban dariya, sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki saboda giɓin gaba.

Illar giɓi ta wuce wahalar tauna da jin kunya. Idan haƙori ya fita, maƙwabtansa sukan karkato cikin gurbin, abokin taunarsa na sama ko na ƙasa ya zazzago tunda babu abin da zai tare shi, abinci ya riƙa maƙalewa. Babbar illar kuwa tana ƙashin muƙamuƙi. Tauna ce ke raya ƙashin nan. Da zarar saiwar haƙori ta bar wurin, sai ya fara zaizayewa, kuma ya fi saurin zaizayewa a shekarar farko. Shi ya sa wanda ya daɗe babu haƙora za ka ga kumatunsa sun loɓa, leɓɓa sun shige ciki, haɓa ta matso hanci. Ku riƙe wannan batu na ƙashi da kyau, domin a kansa maganar dashe duk ta rataya.

Hanya uku likitocin haƙori ke bi su cike giɓi. Ta farko ita ce haƙoran roba, waɗanda ake sawa a cire. Su suka fi araha, ba a yin tiyata, kuma ba sa ɗaukar dogon lokaci. Aibinsu shi ne motsi, musamman na ƙasa, sannan ba su kai haƙorin Allah ƙarfin tauna ba. Da yake ƙashi na ci gaba da raguwa a ƙarƙashinsu, bayan ƴan shekaru sukan yi wa mutum yawa, sai an gyara ko an sake.

Ta biyu ana ce mata gada. Likita zai fiƙe haƙoran da ke gefe biyu na giɓin, ya ƙera haƙora uku a haɗe, ya kifa biyu a kan waɗanda ya fiƙe, na tsakiya ya cike gurbin. Ba a cire ta, kuma tana da ƙarfi, sai dai an taɓa lafiyayyun haƙora biyu saboda guda ɗaya.

Ta uku ita ce dashe. A nan kada mu haɗa shi da haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi. Shi wancan kwanso ne mai ƙyalli da ake kifa wa haƙorin da ke nan da saiwarsa, don ado. Dashe kuwa sabuwar saiwa ake kafawa a inda babu.

Sassa uku gare shi. Na farko ɗan ƙarfe ne mai zare, tsawonsa yawanci santimita 1 ko da ɗan ɗoriya, kaurinsa wajen milimita 4, shi ake murzawa cikin ƙashin muƙamuƙi. Na biyu mahaɗi ne da ake ɗaurawa a kansa, ya leƙo ta dasashi. Na uku shi ne haƙorin da ido ke gani, wanda ake yi da tangaran, a daidaita launinsa da na sauran haƙoran.

Na san wani zai ce, ƙarfe a cikin ƙashi, ba zai yi tsatsa ba? Jiki ba zai tofar da shi ba? Ƙarfen ba irin na maƙera ba ne. Sunansa titaniyom, ba ya tsatsa a cikin jiki, kuma ƙashi na manne masa. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura da haka a 1952. Yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, sai ya sa wani ɗan bututun titaniyom a ƙashin ƙafar zomo. Da ya zo cirewa, ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen gam. Ya shafe shekaru yana gwaji, sai a 1965 ya dasa wa mutum na farko, wani mai suna Gösta Larsson. Mutumin nan ya ci abinci da dashensa har ya rasu a 2006, shekara 40 da ɗoriya. Bayan wani taron likitoci da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982, aikin ya bazu a duniya. A yau, idan an yi shi yadda ya kamata kuma mai shi ya kula, fiye da 9 cikin 10 na dashen suna nan daram bayan shekara 10.

(Ɗan kiɗa)

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, batun dashen haƙori muke yi. Bari mu shiga ɗakin likita mu ga yadda ake aikin.

Zuwan farko ba a taɓa ƙarfe. Likita zai duba bakin duka, ya sa a ɗauki hoton muƙamuƙi don ya auna tsawon ƙashin da kaurinsa, ya kuma ga inda jijiya ta bi. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke kai wa leɓe ji, in aka taɓa ta leɓen na iya mutuwa na wani lokaci, wani sa'in ma har abada. A na sama kuma akwai kogon iska da ke gefen hanci, wanda ba a so ƙarfe ya faɗa ciki. Zai tambaye ka cututtukanka da magungunan da kake sha, ya sa a gwada jini. In akwai ruɓaɓɓen haƙori ko dasashi mai jini, sai an fara maganinsu.

Ranar aikin, ana kashe wurin da allura, kana farke amma ba ka jin zafi. Likita zai ɗan tsaga dasashi, ya huda ƙashin da wata na'ura a hankali, ana zuba ruwa don kada ƙashin ya yi zafi ya mutu. Sai ya murza ƙarfen ciki, ya ɗinke. Guda ɗaya yakan ci kamar awa 1. Za a yi ƴan kwanaki da kumburi da ɗan ciwo, ana cin abu mai laushi, ana shan maganin da aka rubuta. Bayan sati 1 zuwa 2 a cire zare.

Daga nan sai jira, kuma jiran nan shi ne rabin aikin. Ƙashi na bukatar wata 3 zuwa 6 kafin ya kama ƙarfen, na ƙasa ya fi na sama sauri. In ƙashin ya yi siriri da yawa, sai an fara yi masa ciko, wannan ma ya ƙara wasu watanni. Sai ya kama sannan a ɗaura mahaɗi, a ɗauki awon baki, a ƙera haƙorin, a kafa. Akwai waɗanda ake sa wa haƙoran wucin gadi tun ranar farko, amma likita ne ke zaɓen wanda hakan ya dace da shi, kuma su ma sai sun koma an sa na dindindin. Saboda haka duk wanda ya ce maka zuwa ɗaya ya wadatar, bai gaya maka duka ba.

To, wa ya dace da dashe? Kowane makiyayi a yankinmu na Adar ya san turke. In ka kafa shi a ƙasa mai tauri, ko bijimi ya ja ba zai tumɓuke ba. In ka kafa shi a rairayi, ɗan akuya ma ya ishe shi. Ƙashin muƙamuƙi da dasashi su ne ƙasar da ake kafa dashe, don haka sai an tabbatar da lafiyarsu tukuna.

Yawan shekaru ba ya hanawa. Ɗan shekara 70 mai ƙoshin lafiya ana iya yi masa. Yaro ne ba a yi wa, sai ƙashinsa ya gama girma, wajen shekara 18 ko sama, domin dashe ba ya girma tare da muƙamuƙi. Mai ciwon suga, in sugansa na hawa da sauka, rauninsa ba ya warkewa da wuri kuma ƙwayoyin cuta sun fi samun sa, sai ya daidaita shi kafin a yi maganar dashe. Mai taba, ko ta sha ko ta ci wadda ake haɗawa da kanwa a dunƙule a gefen baki, dashensa ya fi saurin lalacewa, gara ya bar ta tun kafin aiki. Mai juna biyu ta jira ta sauka lafiya. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai sikila, mai shan maganin tsinka jini ko wasu magungunan ƙarfafa ƙashi, da wanda aka taɓa gasa wa kai ko wuya da na'ura saboda ciwon daji, duk su gaya wa likita kafin a taɓa su. Baba, Inna, ɓoye wa likita ciwo don kada ya hana ku aiki, kanku kuke cuta.

Wani sharaɗin shi ne tsabta. Gaskiya ne dashe ba ya kogo. Amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa da ciwo idan datti ya taru, ƙashin ya zaizaye, ƙarfen ya fara motsi. Sau da yawa ciwon ba ya zafi da farko, sai ya yi nisa. Alamominsa su ne jini wajen goge baki, kumburi, mugunya da wari. Wanda ciwon dasashi ya zubar wa haƙoran Allah, in bai sake hali ba, ciwon nan zai zubar da na kuɗi ma.

Yanzu ga masu haƙoran roba, musamman iyayenmu da ba su da ko guda. Ba dole ne a dasa wa kowane gurbi ƙarfensa ba. Ana iya kafa ƙarfe 2 kacal a gaban muƙamuƙin ƙasa, a yi wa haƙoran robar maɓalli, su riƙa kamawa a kai. Da dare ka ɓalle ka wanke, da safe ka mayar, ba sa zamewa kana tsakar magana ko kana jan salla. A 2002 masana sun taru a jami'ar McGill da ke Kanada, suka amince cewa wannan ce hanyar da ya kamata a fara duba wa wanda ya rasa haƙoran ƙasa gaba ɗaya. Ana kuma iya kafa ƙarfe 4 zuwa 6 a ɗora jerin haƙora cikakke wanda likita kaɗai ke iya kwancewa, sai dai wannan ya fi tsada nesa ba kusa ba.

(Ɗan kiɗa)

Mu zo kan kuɗi, domin a nan gizo ke saƙa. A Faransa, dashen haƙori guda da kansa yakan ci Yuro 1,500 zuwa 2,500, wato daga kusan sefa miliyan 1 zuwa sama da miliyan 1 da rabi. A ƙasashe irin su Tunisiya da Turkiyya da Masar da Indiya ya fi sauƙi, amma ko a can ɗaruruwan jikkuna ake magana a kan haƙori ɗaya. Kuma ba kuɗin likita kaɗai za ka lissafa ba. Daga Tawa zuwa Yamai, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ya fi kilomita 500. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga na ɗan rakiya, kuma ba sau ɗaya za a je ba. Manomi ya tsara abinsa bayan kaka, don kada ranar komawa asibiti ta faɗo tsakiyar noma.

Hanyar da ta dace ita ce a fara daga gida. Ka je ƙaramin asibiti na CSI mafi kusa, majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya tura ka babban asibitin jiha da ke Tawa ka ga likitan haƙori. Shi zai duba ya gaya maka ko dashe ya dace da kai, ko wata hanyar ta fi, ya kuma nuna maka inda ƙwararrun aikin suke a manyan birane.

Idan an kai ga dashen, ga tambayoyin da za ka yi ba tare da jin nauyi ba. Na ɗaya, jimillar kuɗin nawa ne, da hoto da ƙarfe da mahaɗi da haƙorin kansa? A rubuta maka a takarda, domin wasu kuɗin ƙarfen kaɗai suke faɗa da farko. Na biyu, sau nawa zan dawo, kuma cikin wata nawa? Na uku, in ƙarfen bai kama ba, wa zai ɗauki nauyin sakewa? Na huɗu, na wane kamfani ne? Ka karɓi takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin da lambar ƙarfen da girmansa, ka adana ta tare da takardun gona. Kamfanonin suna da yawa, kuma kayan kwancewar wani ba lalle su shiga na wani ba. In wani abu ya saki bayan shekara 5, da takardar nan wani likita zai san abin da ke bakinka. Na biyar, in na koma Affala ciwo ya tashi, wa zan nema?

Ƴan'uwa ƴan ci-rani, tambaya ta biyar ɗin nan taku ce. Kai tsoho wata ƙasa a dasa masa ƙarfe cikin sati guda, a dawo da shi ƙauye babu mai duba shi, ba gata ba ne. Kafin ku sayi tikiti, ku tabbatar akwai kuɗin komawa karo na biyu, akwai kuma likita a kusa da zai riƙa duba shi aƙalla sau 1 ko 2 a shekara.

Sai gargaɗi a kan masu sa haƙori na bakin kasuwa. Za ka gan shi da ƴar jaka da kwalbar haƙora, ya kwaɓa wani jan ƙullu, ya liƙa haƙorin roba a giɓin, ya manne shi da maƙwabta, nan take ka biya ka tafi kana murna. Abin da ke biyo baya shi ne, abinci na shiga ƙarƙashin ƙullun kuma ba ya wankuwa. Dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, haƙoran da aka jingina da su su ruɓe. Giɓi ɗaya ya zama uku. Ga kuma kayan aikin da ba a dafa ba, ana fitar da su daga wannan baki a sa a wancan, hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Araha ba ta ado. Duk wanda ba likitan haƙori mai takardar shaida ba, kada ka bari ya sa maka ƙarfe a baki, ko da kyauta ne.

Akwai masu tambaya ko addini ya yarda. Malamai da dama suna ɗaukar mayar da haƙorin da ya fita a matsayin magani, suna kafa hujja da labarin sahabin nan Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinari. Abin da za ka bincika shi ne cikon ƙashi, in ana bukatarsa. Wani daga jikinka ake ɗiba, wani haɗin masana'anta ne, wani kuma daga ƙashin dabba ake yi. Ka tambayi likita asalinsa, in kana da shakka ka kai wa malaminka. Aikin kuma ba na gaggawa ba ne, ana iya ɗaga shi zuwa bayan azumi.

To, wanda ba shi da halin dashe fa? Shi ne mafi yawanmu, kuma bai rasa mafita ba. Haƙoran roba da likita ya auna ya ƙera da kyau suna gyara tauna da magana da fuska. Abin da suke so kulawa ce. A cire su da dare dasashi ya huta. A wanke su da buroshi da sabulu, a ajiye a kofi mai ruwa mai tsabta, ban da ruwan zafi domin yana lanƙwasa su. In sun karye ko suna gurje baki, a mayar wa likita, kada a liƙe da gam ɗin kanti, kada a kankare da wuƙa. Gyambon baki da ya wuce sati 2 bai warke ba, a kai asibiti a duba, musamman ga mai cin taba. Sannan ba kowane giɓi ne dole a cike ba. Masana sun nuna cewa mai haƙora 20 lafiyayyu da ke haɗuwa sama da ƙasa yana iya tauna abincinsa daidai gwargwado. Wani lokaci kuɗin da za a zuba a kan haƙori ɗaya da ya tafi, ya fi amfani a kashe kaɗan daga ciki a ceto goman da suka rage.

Ceton nan kuwa a hannunmu yake. A goge baki sau 2 a rana, da safe da kuma kafin kwanciya, da man goge baki mai sinadarin fulorayid. Asuwaki sunna ne kuma yana aiki, a dai bi kowane haƙori ciki da waje, har na can ƙurya, ba na gaba kaɗai ba. A rage suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce wajen ƙaramin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Masu zaman fada, ku lissafa sugan da ke shiga butar shayi daga na fari zuwa na uku, sau nawa kuma ake ɗora ta a yini. Ku kurkure baki da ruwa bayan shayi. A daina buɗe kwalba da haƙori. In haƙori ya fara kogo, a je a cike shi tun bai kai ga cirewa ba, a bar cusa masa ƙwayar magani ko ruwan batir, ƙona dasashi kawai suke yi.

Ga wani abu da ya kamata kowane ɗan kabu-kabu da kowane malamin makaranta ya sani. Idan haƙorin babba ya fita ɗungurungum da saiwarsa a hatsari, ana iya mayar da shi. A ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan, a mayar da shi gurbinsa in zai yiwu, mutum ya cije tsumma mai tsabta. In ba zai yiwu ba, a sa shi cikin madara sabuwar tatsa, ba nono mai tsami ba, a garzaya wurin likitan haƙori, in da hali cikin awa 1. Haƙorin nono na ƙananan yara kuwa ba a mayar da shi.

Jama'a masu saurare, lokaci ya kusa cimma mu. Dashen haƙori aiki ne na gaskiya, kuma ya amfani miliyoyin mutane a duniya. Amma yana son abu biyar a haɗe: ƙashi mai kyau, jiki mai lafiya, haƙurin watanni, kuɗin da zai kai aikin ƙarshe, da likitan da za a iya komawa wurinsa. Wanda ya haɗa su, bismilla. Wanda bai haɗa ba, ya nemi haƙoran roba ko gada a hannun ƙwararre, babu abin kunya a ciki.

Roƙonmu gare ku shi ne, duk mai giɓi, ko mai haƙori mai girgiɗi, ko mai dasashin da ke jini, ya je a duba shi tun ƙashin bai zaizaye ba. Wanda ke da tsoho a gida, ya lura da abin da yake bari a akushi, ya tambaye shi lafiyar bakinsa, ya raka shi asibiti. Ku kuma isar da abin da kuka ji ga waɗanda ba su samu saurare ba.

A nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)